Yatsa Ɗaya Babu Lalle

Ranar da muka binne Mama, hannuwanmu mutane suka fi kallo. Ni da autarmu muka zauna a tabarmar karɓar gaisuwa a gidanmu na Samaru da jan lalle a tafin hannu, ya kama raɗau kamar na masu shirin biki. Duk wadda ta durƙusa ta ce "Ya haƙuri?" sai idonta ya sauka a kan hannun da na miƙa mata, ta ƙarasa gaisuwar da ƙyar. Matan zumunta na cocinmu, waɗanda Mama ta yi shekaru tana ba su waƙa, suka koma gindin mangwaro suna ƙus-ƙus. Wata dattijuwa da ba ta iya rage murya ba ta ce, "Uwa tana kwance, 'ya'ya sun sha ƙunshi. Allah ya kyauta." Ban ji haushinta ba, don ni ma da a wani gida na gani haka zan ce.

Wadda ta ɓata mini rai wata ce daban, mai kukan gaskiya, da ta riƙe ni tana cewa, "Baiwar Allah ta huta. Ai tun wancan maganin da ya shanye mata jini ba ta ƙara zama mutum ba." Na kusa in ture hannunta. Kafin yamma na ji maganar nan a baki uku ko huɗu, na kuma gane cewa idan na yi shiru, da wannan labarin za a tuna uwata: wata tsohuwa da magani ya cinye. Ban yarda ba. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da idona ya gani, don jikokinta su san wace ce kakarsu, su kuma san dalilin lallen.

Mama gajeruwa ce mai babbar murya. Acca da citta da daddawa take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, a rumfa ɗaya tun ina goye. Kullum da safe sai ta hau bas daga Samaru, kuma babu kwandastan da bai san ta ba, don ba ta yarda a cusa mutum na biyar a kujerar mutum huɗu, ko da ba ita za a matse ba. Ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana. Da na fara koyarwa a firamare sai ta samu mafita, ta koma ce mini Malama, kuma yadda take jan kalmar kaɗai ya isa in san ko yabo ne ko na shiga uku. Bayan rasuwar Baba ta ajiye ɗankunne da kwalli da lalle gaba ɗaya. Babu wanda ya sa ta, cewa ta yi mai kallon ya tafi.

Za a yi mata aikin yanar ido ne aka ɗebi jininta, gwaji ya nuna tana da ciwon hanta, irin wanda likitoci ke kira C. Ba ta taɓa jin komai ba sai 'yar gajiya da muke ɗora wa kasuwa. Likitar da ta karɓe mu a babban asibiti, wata mace mai sanyin magana, ta ce ciwon ya daɗe a jiki yana aiki a ɓoye. Wataƙila daga allurar masu yawo da jaka ne a ƙauye, wataƙila kuma daga jinin da aka ƙara mata lokacin haihuwar Auta, tun kafin a san ana gwada irin wannan ciwo. Muna fitowa Mama ta riƙe mini zane ta ce, "Malama, maganar ƙarin jinin nan ta tsaya a wannan baranda. Yarinyar nan ba ta roƙi a haife ta ba." Auta ba ta ji ba sai bayan shekaru, daga bakin Mama da kanta, lokacin da ta ga za ta iya ɗauka.

Maganin allura ce mako-mako da ƙwayoyi safe da yamma, na kusan shekara. Ƙanena da ke aiki a Fatakwal ya ɗauki nauyinsa, yana aiko da shi ta hannun direbobi a cikin kula mai cike da ƙanƙara. Allurar ba ta son zafi, mu kuma a unguwarmu wuta baƙuwa ce, sai maƙwabciyar rumfar Mama, wata Ibo da kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, ta buɗe mana firijin shagon ɗanta mai janareta. A nan maganin uwata ya zauna, tsakanin kifi da lemon kwalba.

Tun ranar farko likita ta faɗa mana gaskiya. Ta ce ƙwayoyin suna fasa jajayen ƙwayoyin jini, don haka jini zai yi ƙasa, kuma dole a riƙa auna shi a kai a kai. Idan ya faɗi da yawa, za a tsayar da maganin. Mama ta tambaya, "In an tsayar, wahalar da na sha fa?" Likita ta ce mai yiwuwa ciwon ya dawo kamar ba a yi komai ba. Ta yi wasu bayanan bayan wannan, amma na lura Mama ta daina ji. Kalmar tsayarwa kaɗai ta ɗauko ta zo da ita gida.

Zazzaɓin allura da ciwon gaɓoɓi ba su ba ta tsoro ba, takan ce masassarar damina ta fi su hannu. Jinin ne ya zo mata ta inda ba ta zata ba. Cikin wata na biyu matar da ke ɗaga buhu tare da 'yan dako ta koma haki daga ɗaki zuwa bakin rijiya. Idan ta miƙe da sauri sai gidan ya juya mata. Tana jin sanyi da tsakar rana, tana jin bugun zuciyarta a cikin kunne. Fuskarta ta ɗashe, tafin hannunta ya yi fari fat. Ranar Lahadi ta ɗauko waƙa a coci, numfashi ya yanke mata a tsakiyar baiti, wata ta karɓa. Ta dawo gida, ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da aka riga aka share.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa, kuma a garinmu kowa likitan jini ne. Mace za ta shigo, ko zama ba ta yi ba, ta kama hannun Mama ta juya tafin, ta ja fatar ƙasan idonta ta leƙa, ta girgiza kai ta ce, "Wayyo, babu ko ɗigo." Daga nan sai a buɗe jaka. Wannan ta kawo ruwan karan dafi, waccan hantar shanu, wata zogale. Maman 'Yan Biyu tana matso ruwan ugu, ganyen miyar garinsu, ta haɗa da malt da madara, ta tsaya a kanta sai ta ga ƙasan kofi. Kwalaben maganin ƙarin jini na kemis kuwa sun cika saman kabad. Likita ta riga ta hana su, ta ce jinin Mama ba don rashin abinci yake faɗuwa ba, kuma irin waɗannan kwalabe nauyi za su ƙara wa hantar da ke fama da kanta. Amma wa zai mayar wa ɗan dubiya da abin da ya kawo? Mama takan karɓa da hannu biyu ta sa albarka. Baƙuwa na fita sai ta kira matar wani ɗalibi da ke haya a ɗakin baya, yarinya mai tsohon ciki da ba ta da kowa a Zariya, ta ce ta je ta nuna wa masu awon ciki, in sun yarda ta sha. Hantar da zogalen ma rabi can suke tafiya. Yarinyar ta haifi ƙato, Mama ta riƙa cewa ɗan cocinmu ne gaba ɗaya, don kowa ya sa hannu.

Juya hannun ne ya fi ci mata rai. Wata rana bayan fitar wasu ta ce, "Malama, ni akuya ce a kara? Kowa ya zo sai ya buɗe ni ya duba." Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Wanda ya fi kowa dubawa Kawu ne, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya, manomi a ƙauyen Zabi kuma dattijon coci. Tun rasuwar Baba shi ne ubanmu, maganarsa ce ƙarshe, ƙanena ko a waya yake magana da shi sai ya rusuna. Matarsa ta rasu a gadon asibiti bayan doguwar jinya da magunguna kala-kala, tun daga nan bai yarda da abin da ke sa mutum ya fi lalacewa kafin ya warke ba. Ya zo a kekensa wata Asabar, ya riƙe hannun ƙanwarsa ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Kin zo asibiti da ƙafarki, ba inda ke miki ciwo. Yanzu dubi. Wannan magani ne ko guba?"

Ta ce, "Yaya, an faɗa mini haka zai yi."

"Ita ma haka aka faɗa mana." Ya saki hannun. "Zan dawo. In na tarar da tafin nan ya fi haka fari, zan kira yaron nan na Fatakwal in ce kada ya ƙara aiko da ko ƙwaya ɗaya. Na binne mata, ba zan binne ƙanwa ina kallo ba."

Mama ba ta taɓa ɗaga wa Kawu murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta raka shi ƙofar gida tana dafa bango, ta ce ya gaida gida. Amma duk mun san ba barazana yake yi ba, mun kuma san ƙanena ba zai tsallake maganarsa ba.

Da na dawo daga makaranta ranar Litinin sai na tarar da ita a inuwar mangwaro, hannu biyu a ɗaure cikin leda, ƙwaryar kwaɓaɓɓen lalle a gefe, Auta tana ta ƙyalƙyala dariya. Na ce, "Mama, wa za ki aura?" Ta ce, "Wanda ya fi ubanki tsawo. Zo ki sosa mini hanci." Da ta kwance ƙunshin, tafin ya yi ja har farce. Washegari ta rambaɗa kwalli, ta sayo goro, ita da ta ce goro na masu zaman banza ne. Mu kuwa murna muka yi. Matar da ta yi shekaru ba ta kalli madubi ba ta koma ado, muka ce ƙarfin zuciya ne ya dawo. Maƙwabta suka ce jinin ya fara tsayawa, kowa yana yaba abin da shi ya kawo.

Kawu ya dawo kamar yadda ya ce. Ya juya hannun, ya tarar da lalle. Ya kai yatsa zai ja idonta, ta kauce ta ce, "Yaya, za ka ɓata mini kwalli." Ya ce ta buɗe baki, ta buɗe, harshe da dasashi jawur da goro. Ya tsaya yana kallonta, ita ma tana kallonsa, tsoho da tsohuwa kamar yara biyu a kan mangwaro ɗaya. Ya hau kekensa ya tafi, bai kuma kira Fatakwal ba.

Abin da ba mu sani ba shi ne ta daina zuwa awon jinin. Takan ce daga kasuwa za ta wuce asibiti, in ta dawo ta ce an ce da sauƙi. Ta lissafa cewa Kawu da ido yake aunawa, likita kuma da kwalba, to ta rufe wa Kawu ido, ta hana likita kwalba, ta ci gaba da haɗiyar ƙwayoyinta cif yadda aka rubuta. Mu da muke gida ɗaya da ita, da tafin hannu muka saba duba jini tun muna yara, kuma tafin ja ne. Lallen da ta sa don Kawu ya rufe mana ido mu ma.

Ina cikin aji wayar hannuna ta yi ƙara, lokacin ma ba mu daɗe da fara riƙe su ba. Maman 'Yan Biyu ce, tana haɗa Hausa da Turancin kasuwa. "Malama, come quick, Mama don fall. Ta faɗi a kan buhu, ido ya juya." Ta bayanta na jiyo wata siririyar murya, da ƙyar take fita, tana cewa, "Ƙarya take yi. Zama na yi." Na hau acaba har Sabon Gari. Na same ta a jingine da buhun acca, mudu a ƙasa, leɓenta fari kamar toka a gefen da goro bai kai ba, tana jan numfashi kamar wadda ta yi gudu. Ta kalle ni ta ce, "Zama na yi, Malama, ban faɗi ba. Kada ki kira Kawunki." Na kira shi, kuma ko yau zan sake kira.

A asibiti likita ta ɗaga hannun Mama ta juya, ta duba faratan ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye. Ba ta yi faɗa ba. Da sakamakon awo ya fito ta ce jinin ya sauka ƙwarai, ya kai inda zuciyar mai shekarun Mama za ta iya gajiya ta tsaya ba sallama. Ta ce, "Mama, da kin zo awo tuntuni da rage ƙwayoyin kawai zan yi, mu ci gaba. Ai na faɗa miki akwai ragewa kafin tsayarwa."

Mama ta ce, "Ban ji wannan ba. Tsayarwa na ji."

Ana haka Kawu ya shigo, wandonsa da laka har gwiwa. Ya kalli ƙanwarsa a kan gado, ya kalli jajayen hannuwan a kan farin zanin asibiti, sai ya gane komai. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Ni kika yi wa wayo? Ni da na goya ki?" Ya juya ga likita ya ce a tsayar da maganin yau, shi ne babba a gidan, shi ya ce.

Mama ta yunƙura za ta tashi, na tallafe ta. Maganar tana fita guntu-guntu saboda haki, amma babu wanda ya katse ta. Ta ce, "Yaya, tun muna yara ban taɓa ƙin maganarka ba. Kai ka zaɓa mini makarantar da ban gama ba, kai ka karɓi sadakina. Na gode. Amma hantar nan a cikina take. Na sha rabin wahala, ba zan zubar da ita a banza ba don kai kana jin tsoro. In za ka kira yaron, kira shi. Zan sayar da rumfa in ƙarasa." Ta huta, ta ƙara da cewa, "Ba za a binne ni da rai ba, Yaya. Ka bari in mutu tukuna."

Likita ce ta raba su. Ta ce ba lallai a jefar da komai ba. Za a ƙara mata jini yanzu, wanda aka gwada aka tabbatar da tsabtarsa, a dakatar da ƙwayoyin na ɗan lokaci, sannan a dawo da su a rage, allurar kuma ta ci gaba. Amma da sharaɗi: awo kowane mako, ni zan kawo ta da hannuna, kuma lallen ya tafi. Mama ta yarda da komai sai na ƙarshen. Ta ce in ta goge, gobe garin nan kaf zai dawo yana juya mata hannu yana yi mata kukan mutuwa, ita kuma ba ta da jinin da za ta ɓata wajen rarrashin masu dubiya. Likita ta yi murmushi ta ce, "To ki bar mini yatsa ɗaya." Suka shirya a kan ƙaramin yatsan hagu. Ta nuna mini yadda zan danna farcen in saki, in ga yadda jan ke dawowa, ta kuma gargaɗe ni cewa wannan ba ya maye gurbin awo.

Da aka ce dangi su ba da jini, Kawu ya nannaɗe hannun riga ya miƙa. Aka ce shekarunsa sun wuce. Ya fita bai yi wa kowa sallama ba, na ɗauka fushi ya yi. Kafin la'asar sai ga shi da 'ya'yansa maza biyu, ya ɗauko su daga gona ko wanka ba su yi ba, ya tura su ɗakin ɗibar jini. Bai shiga wurin ƙanwarsa ba. Ya yi watanni bai taka gidanmu ba, sai dai duk mako a ga ɗaya daga cikin yaran da damin alayyafo ko 'yan ƙwan zabi, ya ajiye ya ce Baba ya ce a gaishe ku. Fatakwal kuwa bai kira ba.

Sauran watannin ne nake so a tuna, don a nan na ga Mama ta koyi abin da ya fi mata wuya a duniya, wato yin abu a hankali. Ta koyi zama a bakin gado ta jira ɗakin ya daina juyawa kafin ta miƙe. Ta sa aka ajiye mata kujera 'yar tsuguno a bayi, wata a madafa, wata a zaure, tana bin su kamar tashoshin mota. Shara a zaune, tsintar acca a zaune. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ko ba ta so, tana ci tana zagin cokali. Kasuwa ta koma zuwa rabin yini, Maman 'Yan Biyu tana ɗaga mata duk abin da ya fi mudu nauyi, ita kuma tana daga zaune tana faɗa da masu neman ragi da sauran muryar da ta rage. A coci ta ƙi ba da wurinta. Ta ce a kawo mata benci gaba, ta riƙa ɗauko layin farko kaɗai, wanda numfashinta zai iya, mata su karɓe, ita ta bi su da tafi da jajayen hannuwanta. Duk wanda ya same ta a zaune a bakin hanya tana haki ya ce sannu, amsa ɗaya ce: "Zama na yi." Har yaran unguwa suka ɗauka, yaro zai faɗi a wajen ƙwallo ya tashi yana kakkaɓe wando ya ce zama ya yi.

Ranar awo kuwa ranar yaƙi ce. Tun a bas take shiru. In jinin ya ɗan hau, sai ta sa a tsaya a sayo mata tsire. In ya sauka, ta ce wa likita, "Rage, amma kada ki tsayar," likita ta ce ta ji. Akwai makon da na same ta tana kuka a bayan ɗaki, gashinta yana zuba a kan mataji, ta ce ta gaji, ta gaji har cikin ƙashi. Na ce ko mu haƙura? Ta share ido ta harare ni ta ce, "Gajiya na ce miki, Malama. Kwaɓo mini lalle." Duk ƙunshin da za a yi, ni nake naɗe ƙaramin yatsan da filasta. Da safe kafin in tafi makaranta ta miƙo shi ba tare da ta kalle ni ba, in danna in saki.

Ta gama. Ta karɓi allurar ƙarshe, jinin ya dawo da kansa cikin 'yan watanni, gwajin da aka yi daga baya bai ga ƙwayar ciwon ba, na bayansa ma haka. Ta koma ɗaga buhu har sai da muka yi mata taron dangi. Ta yi rawa a auren Auta, ta yi wa jikoki biyu wanka suna jarirai, ta koma ba da waƙa a tsaye daga farko har ƙarshe, ta sake yin faɗa da kwandastoci sabbin shiga da ba su san ta ba. Wannan ce matar da aka ce ba ta ƙara zama mutum ba. Kawu ya dawo zuwa gidanmu, suna hira kamar da, amma ko sau ɗaya ban ji ɗayansu ya ta da maganar asibiti ba. Lallen kuma ba ta bari ba, kullum da yatsa ɗaya fari. Na ce mata ai an gama, ta ce yatsan ya saba.

Sanyin ƙirji ne ya ɗauke ta a daminar nan, jinyar 'yan kwanaki, hantarta lafiya lau. Ana gobe za ta tafi ta ce mu kwaɓa lalle mu sa mata, mu ma mu sa. Ta ce, "Za su zo suna cewa baiwar Allah ta sha wahala. Kada su tarar da hannu fari a gidana." Muka yi mata, muka yi wa kanmu, kowa da filasta a ƙaramin yatsa.

Kawu ya iso wurin zaman makokin da rana ta karkata, ɗansa yana riƙe da shi, don yanzu ba ya iya hawa keke. Ya ji ƙus-ƙus ɗin gindin mangwaro, don kunnensa bai tsufa ba. Ya zo ya zauna a bakin tabarmarmu, na gaishe shi, ya kama hannuna na hagu ya juya tafin kamar yadda yake yi wa ƙanwarsa. Ya daɗe yana kallon lallen. Sai ya lalubo ƙaramin yatsan, ya danna farcen da babban yatsansa mai kaushi, ya saki, ya jira jan ya dawo. Ban san wa ya koya masa ba.

Ya ɗaga murya yadda na gindin mangwaro za su ji, ya ce, "Ku bar yaran nan da lallensu. Ni na ce ba za ta gama maganin nan ba, a gaban likita na faɗa. Ta gama." Ya ƙara da cewa, "Ta gama, ta kuma ci shekarunta a kai."

Daga nan ya sunkuyar da kai ya yi kuka, hannuna yana cikin nasa, ni ma sai a lokacin nawa ya zo.

Mama, Ubangiji da kika yi wa waƙa a tsaye da a zaune ya karɓe ki, ya ba ki hutun da kika ƙi karɓa a hannunmu. Ya ba Kawu haƙuri, ya ba mu. Lallen hannuna ya fara koɗewa, jibi Auta za ta zo mu sake.